Katin gudun hijira a Kasala da Gadarif: bitar aikin Mu'utamadiyya da UNHCR

Hukuncinmu a taƙaice kan hidimar da ake yi wa 'yan gudun hijira a gabashin Sudan shi ne: wajen karɓar baƙo a bakin iyaka da shigar da sunansa rajista, aikin ya cancanci yabo. Wajen abinci da ruwa da magani, ba yabo ba fallasa, gwargwadon abin da ƙasashe masu ba da tallafi suka sako a shekarar. Wajen barin mutum ya fita ya nemi na kansa kuwa, nan ne aka gaza. Wanda ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya zai lura cewa duk inda ma'aikacin gwamnati da na Majalisar Ɗinkin Duniya ke zaune a teburi ɗaya, aiki na tafiya. Inda aka ce wa mutum je ka wancan ofishin ka dawo, nan ake shanya shi a rana.

Abin ya shafe mu Hausawan gabas fiye da yadda wasu ke zato. Manomin riɗi a Gadarif da ke ɗaukar masu yanka a watan Oktoba, mai gidan haya a Kasala, mai unguwar da ya wayi gari ya tarar da baƙi sun kwana a harabar masallaci, matasan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka aikin rabon kaya ko gadi, dukkansu suna cin karo da wannan kati da dokokin da ke tattare da shi.

Masu aikin biyu ne. Mu'utamadiyya, wato hukumar 'yan gudun hijira ta gwamnatin Sudan, wadda ake taƙaitawa COR a takardu, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ita ke ba da filin sansani, ita ke naɗa shugabansa, ita ke yanke cewa wane ɗan gudun hijira ne wane kuma ba shi ba ne, ita ke buga hatimi a takardar izinin tafiya. Mufawwadiyya, wato UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ke nemo kuɗi, ta kawo tanti da kwamfuta da na'urar ɗaukar yatsa, ta raba wa ƙungiyoyi aiki, ta kuma sa ido ko ana bin yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa wa hannu. Abin kamar shagon haɗaka ne, ɗaya na riƙe da makulli, ɗaya na riƙe da jari. Abinci na hannun WFP, hukumar abinci ta duniya, sauran ayyuka kamar asibiti da famfo da makaranta kuma ana damƙa su ga ƙungiyoyi irin su Jinjirin Wata na Sudan da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauransu.

Haɗin ya daɗe. A 1967 ayarin farko na 'yan Eritiriya ya tsallako yankin Kasala, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ɗin hukumomin biyu ke aiki tare. A 1974 Sudan ta shiga yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, ta kuma yi dokar mafaka tata a shekarar, wadda aka sabunta a 2014. Sai dai tun ranar shiga ta faɗa a rubuce cewa ba ta ɗaure kanta da sashe na 26 ba, sashen da ya ba ɗan gudun hijira 'yancin zaɓen wurin zama da zirga-zirga. A riƙe wannan, don rabin matsalolin da za mu ambata daga nan suka taso.

Mataki na farko shi ne bakin iyaka. Doka ta ce wanda ya shigo ya gabatar da kansa cikin kwana 30. A aikace ba a cika tsaurarawa kan kwanakin ba, amma wanda ya makara sai ya yi bayanin inda ya tsaya, kuma idan 'yan sanda suka riga kama shi kafin ya kai kansa, laifin shigowa ba izini za a fara tuhumarsa da shi, sai lauyan hukuma ya bi shi kotu ya ce mai neman mafaka ne. Don haka taimakon da ya fi amfani ga baƙon da ya sauka a unguwa shi ne a raka shi ofishin Mu'utamadiyya ko cibiyar karɓa mafi kusa da wuri, irin ta Wad Sharife kusa da garin Kasala ko ta Hamdayet a bakin kogin Setit. A cibiyar jami'an tsaro ke fara tantancewa, don a raba farar hula da wanda ya zo daga fagen daga. Sannan a rubuta gida gida: sunan mai gida, mutum nawa, maza nawa mata nawa, daga ina. A auna damtsen kowane yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da ɗan awon nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti nan take, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. A yi wa yara rigakafin ƙyanda kafin su shiga cunkoso.

An gwada ƙarfin wannan mataki a Nuwamba 2020, da yaƙin Tigray ya ɓarke. A kwanakin farko kusan mutum 4,000 ke tsallakowa kowace rana ta Hamdayet da Lugdi, wasu a kwalekwale, har jimillar ta kai wajen 60,000. Sudan a lokacin tana fama da tsadar burodi da layin mai, ga cutar korona, amma ba a rufe iyaka ba. Cikin kwanaki aka sake buɗe tsohon sansanin Um Rakuba kusa da Doka, wanda ya karɓi mutanen Habasha a yunwar shekarun 1980, a Janairu 2021 kuma aka buɗe Tunaidba. Wannan abin a yaba ne, kuma mutanen ƙauyukan iyaka da suka ciyar da baƙi kafin motar hukuma ta iso suna da kaso a yabon. Abin da ya yi tsami shi ne kwashe mutane daga iyaka. Ƙa'ida ita ce sansani ya yi nisa da iyaka, aƙalla kilomita 50, amma tafiya daga Hamdayet zuwa Um Rakuba ta yini guda ce a bas, kuma da yawa sun ƙi tashi don suna jiran 'yan'uwansu su tsallako. Sai cibiyar da aka gina don kwana biyu ko uku ta zama gari na watanni.

Mataki na biyu, rajistar mutum ɗaya ɗaya, shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, don kuskuren minti biyar a nan yana bin mutum shekara goma. Gida sukutum ake kira, kowa sai ya zo da kansa, har jariri da tsohuwa. Ma'aikaci na gaban kwamfuta, tafinta na gefe. A ɗauki hoto, a ɗauki yatsu goma, a ɗauki hoton ƙwayar idanu biyu ga duk wanda ya kai shekara biyar. Bayanan na shiga rumbun UNHCR da ake kira proGres, kuma na'urar kan gane mutum idan ya taɓa rajista a wani sansani. Daga nan a buga takardar shaidar rajista mai ɗauke da hotunan 'yan gida da lambar fayil, a ba da katin abinci.

Ga inda abin ke lalacewa. Na ɗaya, yatsu. Matar da ta sha lalle, ko mutumin da ya yi wata yana yankan riɗi fatar yatsunsa ta siɗe, na'urar sai ta yi ta ƙi. Ma'aikacin kirki zai sa a wanke hannu, a ɗan jiƙa yatsa, a sake, in ta ƙi a dogara da ido a rubuta dalili. Mai gaggawa zai tsallake, ranar rabo kuma na'urar ta ce ba ta san mai katin ba. Na biyu, suna. Mutanen Habasha da Eritiriya ba su da sunan zuri'a, sunan mutum ne da na uba da na kaka, takardun Sudan kuwa sun saba da suna huɗu. Ga shi ana rubuta sunan da baƙin Larabci a takardar gwamnati, da na boko a kwamfutar Mufawwadiyya, kuma harshen Tigrinya na da sautukan da kowane marubuci ke kamawa yadda kunnensa ya ji. Sai ka ga uba da ɗa a fayil ɗaya amma rubutun sunan kaka ya bambanta, in an zo haɗa iyali ko neman biza sai a ce ba a yarda ɗansa ba ne.

Na uku, kuma mafi haɗari, shekarar haihuwa. Kalandar Habasha wata 13 gare ta, sabuwar shekararta na kamawa a Satumba, kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai ko takwas, gwargwadon watan. Yarinyar da ta ce an haife ta a 2000 da lissafin garinsu, a 2007 ko 2008 aka haife ta. In tafinta bai tambaya da wace kalanda take magana ba, an ƙara mata shekara bakwai ko takwas a take. 'Yar shekara 13 ta zama baliga a takarda, ta fita daga jerin yaran da ba su da mai kula da su, ta rasa gurbin makaranta. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba kuma akan rubuta masa 1 ga Janairu, shi ya sa za ka ga rabin sansani ranar haihuwarsu ɗaya. Wannan ba matsala ba ce muddin shekarar ta yi daidai. Shawara ga duk mai rakiya ko tafinta: kafin a tashi daga teburin, a sa ma'aikaci ya karanto suna da shekara da dangantakar kowa da mai gida, baki da baki. Gyara a ranar minti biyu ne. Gyara daga baya sai an buɗe buƙata, an yi hira, an kawo hujja, kuma ana kallon mai neman canjin da ido na zargi.

Duk da haka, a wannan mataki muke ba su maki mafi yawa. Kafin zuwan na'urar yatsa, sayar da katin abinci da yin rajista sau biyu sun zama ruwan dare, kuma mai rauni ne ke asara. Yanzu lissafin ya fi tsabta, kuma da yake ma'aikatan hukumomin biyu tare suke yin rajistar, ba a cika samun wanda ɗaya ta sani ɗaya ba ta sani ba.

Rajista daban, amincewa da mutum a matsayin ɗan gudun hijira daban. Mutanen Sudan ta Kudu, tun da gwamnati ta amince da su a 2016, a jimla ake karɓarsu ba sai an yi wa kowa hira ba, haka aka yi wa waɗanda suka gudo daga Tigray. Ɗan Eritiriya kuwa sai an kai shi Shagarab, sansanin da aka kafa a 1985 kusa da Hashmul Girba, ya zauna gaban jami'in Mu'utamadiyya ya faɗi dalilin gudunsa, wanda galibi bautar ƙasa ce ta soja da ba ta da ranar ƙarewa. Mafi yawansu ana amincewa da su, wanda aka ƙi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma ya kamata ya tambayi wa'adin a ranar da aka ba shi amsa. Matsalar ita ce jira. Saurayi ɗan birni da ya yi karatu a Asmara, a ajiye shi a fili ba aiki ba makaranta ta gaba, ba ya zama. Shekara da shekaru mafi yawan sababbin zuwa kan ɓace daga Shagarab cikin 'yan watanni, su bi masu fasa-ƙwaurin mutane zuwa Hartum ko Libiya ko Masar, wasu su faɗa hannun masu garkuwa. An yi dokar yaƙi da fataucin mutane a 2014, an ƙara tsaro a sansanin, satar mutane ta ragu, amma ba a taɓa abin da ke korar su ba.

Kayan da ake ba sabon gida sanannu ne: tanti ko tamfol mai faɗin mita 4 da tsawon 5, barguna, tabarmi, gidan sauro, tukwane da kwanuka, bokiti, jarka, sabulu, wani lokaci da fitila mai cajin rana. Ƙa'idar ita ce kowane mutum ya sami murabba'in mita 3.5 na rufi. Kayan na da inganci, tamfol ɗin ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganinsa a rumfunan masu shayi har cikin gari. Amma tantin ba don ƙasar Gadarif aka yi shi ba. Baƙar ƙasar nan ta laka da rani tana dararrashewa har ƙafar yaro ta shige, da damina kuma ta kumbura ta zama taɓo mai riƙe ruwa. Turken ƙarfe da aka kafa a watan Fabrairu, ruwan farko na sauka zai saki. Haka aka gani a farkon daminar 2021, iska da ruwa suka kwashe tantuna da masai masu yawa a Um Rakuba da Tunaidba, daga baya ciwon hanta nau'in E ya ɓulla, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa kuma ya fi yi wa masu ciki illa. Duk manomin yankin ya san damina na kamawa a Yuni. Da an tambayi mutanen gari tun Disamba, da sun ce a yi cikon tsakuwa, a ɗaga daɓen kowane tanti, a haƙa magudana, a binne buhun yashi a maimakon turke, a gaggauta komawa bukkar ciyawa irin ta gida. Daga baya an yi yawancin waɗannan. Jinkirin ya zo ne daga abin da muka faɗa tun farko: fili da izinin gini na hannun wannan, kuɗi da injiniya na hannun wancan, shigo da kaya daga tashar Bur Sudan kuma sai da takardar wani ofishin na uku.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne, kowa na iya auna sansani da shi. Mafi ƙaranci a lokacin gaggawa lita 15 ga kowane mutum a rana, in an zauna lita 20. Gida mai mutum biyar ke nan jarka biyar ta lita 20. Bakin famfo ɗaya na mutum 250 ne, bisa sharaɗin yana zubo lita 7.5 a minti. Mutum 250 sau lita 15 ya ba da lita 3,750, wanda ke cin sama da awa takwas famfo na zuba ba tsayawa. Da zarar man janareta ya yanke aka koma awa huɗu, rabin mutane ba za su samu ba, sai su gangara rafi ko kududdufi. Masai ɗaya na mutum 20 ne, a farkon gaggawa akan lamunta har 50, kuma ya yi nisan mita 30 da rijiya. Dogon layin jarkoki da hantsi ya isa ya gaya maka halin da sansani ke ciki kafin ka tambayi kowa.

Abinci an tsara shi ne kan kalori 2,100 ga mutum a rana: dawa, adas ko wake, man girki, gishiri, a wasu wurare kuma kuɗi a maimakon hatsi. Tun tsakiyar 2022, kafin yaƙin Sudan na 2023 ma, WFP ta sanar da rage rabon 'yan gudun hijira a Sudan zuwa rabi saboda ƙarancin kuɗi. Rabi kuwa kalori 1,050 ne, kuma ba duka ke shiga tukunya ba. Dawar tsaba ce, sai an kai inji, mai inji kuma kuɗi yake so ko ya ɗebi kasonsa. Ba albasa a rabon, ba busasshiyar kuɓewa, ba gawayi. Dole a sayar da wani abu a sayi wani. Masu ganin buhun agaji a kasuwa su ce ai ba sa jin yunwa, su fahimci cewa kuɗin niƙa da na itace ne ake nema. Itacen ma shi ne babban abin da ke haɗa baƙi da 'yan gari faɗa, kuma mata da 'yan mata da ke nisa nemansa su ke shiga haɗari.

Asibitocin sansani kyauta ne, kuma a wurare da dama mutanen ƙauyukan kewaye ma suna zuwa, wanda ya rage ƙyashi sosai. Raunin yana wajen tura mara lafiya babban asibiti: sai likita ya rubuta, sai an sami mota, sai an sami izinin fita. Abin da ke faruwa idan tsarin ya karye an gan shi a jihar Nilul Abyad, wajen Kosti, inda sansanonin mutanen Sudan ta Kudu suka cika suka batse da waɗanda suka gudo daga Hartum. UNHCR da hukumar lafiya ta duniya sun ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 1,200 suka mutu a sansanoni tara tsakanin tsakiyar Mayu da tsakiyar Satumba 2023, akasari saboda ƙyanda da tamowa. Kwalara ma ta ɓulla a Gadarif a 2023, ta sake tasowa daga Kasala a Agusta 2024.

Yanzu ga tasrihi, takardar izinin fita. Ɗan sansani da ke son zuwa wani gari sai ya nemi izini a ofishin Mu'utamadiyya na sansanin, da dalilin da aka yarda da shi, kamar jinya ko karatu ko hira a ofishin jakadanci, kuma takardar na da wa'adi da sunan inda za shi. In an kama shi a shinge babu ita, tara ce ko tsarewa, sannan a mayar da shi. Mufawwadiyya ba ta da ikon ba da ita, roƙo kawai take iyawa. Dokar 2014 ta yarda ɗan gudun hijira ya yi aiki in ya sami izinin aiki, amma izinin na ofishin ƙwadago ne a cikin gari, zuwa garin kuma sai da tasrihi. Sakamakon haka mutum ya haifu a Shagarab ko Wad Sharife, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya, Larabcinsa na Kasala ne tsantsa, amma a takarda baƙo ne mai jiran buhu. Gonakin Gadarif kuma kowace kaka suna neman hannu, don riɗi in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan zai fashe ya zube. Sai a tafi aikin a ɓoye, a biya mutum ƙasa da na ɗan gari, in an hana shi haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara. A taron duniya kan 'yan gudun hijira da aka yi a Janiba a Disamba 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi alkawarin sauƙaƙa aiki da zirga-zirga, da shigar da yaransu makarantun gwamnati. An fara wani abu a fannin makaranta, sai juyin mulkin Oktoba 2021 ya sa masu tallafin raya ƙasa suka janye hannu, sai kuma yaƙi.

Kafin 15 ga Afrilu 2023, Sudan na ɗauke da 'yan gudun hijira kusan miliyan 1.1, wajen 800,000 daga cikinsu 'yan Sudan ta Kudu, kuma da yawa a unguwannin Hartum suke zaune ba a sansani ba. Da yaƙi ya tashi, ofisoshi suka koma Bur Sudan, waɗannan mutane kuma suka sake gudu karo na biyu, wasu zuwa Nilul Abyad, wasu zuwa sansanonin gabas irin su Um Gargur. A nan rajistar yatsa ta nuna amfaninta: wanda katinsa ya ƙone ko aka ƙwace a hanya, in ya ɗora yatsa fayil ɗinsa na fitowa. Wanda bai taɓa rajista ba saboda yana ganin ya zama ɗan gari, shi ya sha wuya a shingayen bincike. Katsewar layukan waya da intanet a Fabrairu 2024 ta tsayar da ayyuka da dama, sannan yanke tallafin Amurka a farkon 2025 ya sa aka rage ma'aikata da ƙungiyoyi. Wanda zai je ofis yau ya shirya wa layi mai tsawo da teburi kaɗan.

Akwai ruɗanin da ya kamata mu warware wa junanmu. Bahaushen Sudan da ya baro Damazin ko Rusairis a rikicin 2022, ko ya baro Wad Madani ko Sinja ko Mai Wurno a wannan yaƙi, ɗan ƙasa ne da ya rasa matsuguni, abin da hukuma ke kira nazihi. Lamarinsa na hannun hukumar agajin jinƙai ta gwamnati da hukumomin jiha da ƙungiyoyin da ke aiki da su. UNHCR kan raba wa irinsu tamfol da barguna, amma katin gudun hijira ba nasu ba ne. Akan sami mai ba da shawarar a je a yi rajista a ce daga wata ƙasa aka zo, wai rabon can ya fi tabbas. Wannan ganganci ne. Mu da aka daɗe ana yi wa tambayar asali in mun je neman lambar ɗan ƙasa, bai kamata mutum ya kai yatsunsa goma da idanunsa rumbun da ke cewa shi baƙo ne ba, saboda rabin buhun dawa. Ɗan Najeriya ko Nijar da ya zo karatu ko fatauci ko yana kan hanyar Makka yaƙi ya rutsa da shi, shi ma hanyarsa ofishin jakadancin ƙasarsa ce da IOM, hukumar ƙaura ta duniya, masu taimakawa a koma gida.

Komai na wannan hidima kyauta ne: rajista, kati, hira, rabo, har da kai mutum wata ƙasa. Kai mutum Kanada ko Turai kuwa ba a nemansa kamar biza, hukuma ce ke zaɓa daga fayil bisa tsananin buƙata, ƙasar da za ta karɓa ta yanke hukunci, kuma a duniya baki ɗaya ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ke samu. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa suna a jeri, ɗan damfara ne ko da yana sanye da rigar aiki. Akwai akwatin ƙorafi da teburin kariya a sansanoni, sai dai amsa na jinkiri, kuma mutane na tsoron kai ƙarar wanda gobe za su tarar a bakin layin rabo.

Abu biyu ne ke rufe fayil ko su rage rabo ba tare da mai shi ya ankara ba. In an yi shelar tantancewa, wanda bai zo da kansa ba ana dakatar da sunansa, kuma shelar kan faɗo a lokacin da maza ke gona. Jariri kuma ba ya shiga katin abinci sai an kai shi teburin rajista da takardar haihuwa ta asibiti, daga nan a nemi ta ofishin rajistar jama'a na gwamnati, don ta asibiti kaɗai ba ta isa shaida ba in yaro ya girma. Manomin da ya ɗauki ma'aikata daga sansani ya tambayi shugaban rukuninsu ranar rabo da ranar tantancewa tun kafin a fara yanka, ya sake su a ranakun, ya rubuta sunan kowa da lambar katinsa da abin da aka yi ciniki a gaban shaidu biyu. Katin kuma ya bar shi a aljihun mai shi, kada ya karɓa ya riƙe a matsayin jingina, don shi za a nema a shinge.